Manyan kalmomin Ingilishi: tambayoyin da ɗiyan lakol suka dame ni da su a Tawa

Shekara goma sha ɗaya kenan ina koyar da angile a lise nan Tawa, kuma kowace shekara tambayoyin su ne dai, fuskokin masu tambayar ne kawai ke canzawa. Wasu a klas, wasu su tare ni bisa hanya ina kan moto, wasu kuma sai dare ya raba su aiko murya ta WhatsApp wai "Mushe dan Allah ka yi haƙuri na tashe ka". To ban yi haƙurin ba. Shi ya sa na zauna na tattara su wuri guda, wanda ya sake tambaya in turo shi nan. Kuma tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, abin ya ƙaru, har iyaye sun shigo ciki. In na ce Ingilishi ko angile, Turancin Ingila da Amurka nike nufi, dan kar 'yan uwanmu na Najeriya su rikice, su Turanci ɗaya gare su, mu nan biyu.

Mushe, kalma nawa ya kamata in sani kafin a ce na iya?

Akwai wani malami a ƙasar New Zealand, Paul Nation, kusan duk rayuwarshi lissafin nan yake yi. A 2006 ya fitar da cewa in kana son ka karanta jarida ko littafin labari ba ka tsayawa kowane layi kana buɗe ƙamus, sai ka gane kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafin, kuma hakan na buƙatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000. Na magana baki da baki ya ɗan fi sauƙi, 6,000 zuwa 7,000. Dangi fa na ce ba kalma ba. Decide, decision, decisive, undecided duk gida ɗaya ne, kamar yadda karanta, karatu, makaranta, makaranci suke 'yan ɗaki ɗaya a wurinmu.

Kalmomi 2,000 na farko da aka fi amfani da su suna ba ka wajen kashi 80 na rubutu. Sai yaro ya ji 80 ya yi murna, ai 16 bisa 20 kenan Mushe! A'a ƙanena. Kashi 80 na nufin cikin kowace kalma biyar ɗaya ta ɓace maka, kamar kana waya da wani a Abala rezo na yankewa, kana jin "gobe... kuɗin... kar ka..." to kar ka mi? Wadda ta ɓace ɗin ita ce ke ɗauke da zancen.

Faransancin da na yi tun piramari zai taimake ni ko rikita ni zai yi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, dan amsarta ce ke sa yara su gyara zama. Kai ɗan Nijar da ka yi lakol har tarminal, manyan kalmomin Ingilishi rabi da kwata suna aljihunka tuni, ba ka sani ba ne kawai.

Ga dalili. A shekarar 1066 William sarkin Normandi ya ƙetara teku daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, daga nan har wajen shekara 300 fada da kotu da manyan gari Faransanci suke yi, talaka ne ke Ingilishi a gona. Talakan na kiwon cow da sheep, amma in naman ya iso akushin mai gida sai ya koma beef da mutton, wato boeuf da mouton da ka sani. Har yau haka harshen yake, hawa biyu. Talaka ya ce ask, begin, buy, help, freedom. Alƙali da malamin jami'a su ce interrogate, commence, purchase, assist, liberty. Masu ƙirga ƙamus sun samu kusan kashi 29 na kalmomin daga Faransanci suke, kusan wani 29 ɗin daga Latin, wanda shi ne uwar Faransancin.

Mu Hausawa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba, ai haka muka yi da Larabci. Akuya ta mutu, maƙwabci ya rasu, babban malami ya yi wafati. Abu ɗaya ne ya faru da su duka amma kalmar na hawa tsani. Hukunci, adalci, hujja, sharaɗi, nazari, duk kalmomin zaure da na kotu daga Larabci muka aro, shi ya sa almajirin da ya yi nisa a littattafai in ya buɗe baki sai ka ji Hausarshi ta fi ta kowa nauyi. To kai ne almajirin nan a Ingilishi. Ɗalibin Sakkwato zai sha wuya kafin ya riƙe inevitable, ambiguous, hypothesis, simultaneous, kai ko ka gan su tun a kur ɗin filo da SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa. Duk kalmar da ta ƙare da -tion, -ment, -able, -ence, ka fara zarginta da cewa 'yar gidanku ce, -ité ta koma -ity, -eux ta koma -ous, -ique ta koma -ic. Na taɓa ba 'yan tarminal A shafi ɗaya na jarida na ce kowa ya ja layi da jan bik ƙarƙashin duk kalmar da ya gane ta hanyar Faransanci, da suka ɗaga takardun sai ka ce an yanka kaza a kai.

To ai an ce akwai faux amis, ya zan yi da su?

Akwai su kam, wato kalmomin da suka yi kama a Faransanci da Ingilishi amma ma'anarsu ta bambanta, kuma ni kaina sun kunyata ni. Farkon zuwana Akara ta Ghana wani horo na malamai, zafi da gumi sun dame ni, ka san zafinsu ba irin namu ba ne jiƙa mutum yake, sai na ce wa matar da ke kula da mu "Madam I cannot support this heat". Ta dube ni ta yi dariya ta ce ai zafin bai tsaya takara ba balle ka goya mishi baya. Supporter namu jurewa ne, support nasu goyon baya. Abin da ya kamata in ce shi ne I can't stand this heat, ƙaramar kalma stand da na sani tun sizyam.

Waɗanda suka fi kashe ɗalibaina ba su da yawa. Actually ba actuellement ba ce, "a gaskiya" take nufi, in yanzu kake so ka ce currently. Eventually "daga ƙarshe" ce, ba "wataƙila" ba. Library wurin aron littafi ne ba shagon saida shi ba. Attend halarta ce ba jira ba, assist kuma taimako ne, dan haka I assisted the meeting na nufin ka taimaki taron. Pass an exam cin jarrabawa ne, in zama kawai ka yi sai ka ce take ko sit. Achieve cimma buri ce ba gamawa ba. Sensible mai hankali ne, mai saurin jin abu a rai sensitive ne. Formation da muke cewa kullum, su training suke cewa.

Wadda ta fi haɗari ita ce demand. Wata ɗalibata mai ƙoƙari ƙwarai ta rubuta takardar neman burs ta fara da "I demand a scholarship", Allah ya sa ta kawo min na duba kafin ta tura. Ita roƙo take da ladabi, amma a kunnen Bature kamar ta buga tebur ne ta ce ku ba ni ko ku gani. Request ko apply for ake cewa. Ka ware shafi biyu a ƙarshen kayenka dan su kaɗai, ba za su kai yawan da ake tsorata ka da shi ba.

In manyan na hannuna, mi ya sa har yanzu ba na gane fim ko hira?

Dan ƙananan ne ba ka da su! Nan ne ciwon ɗan Nijar yake, kuma ba wanda ke son jin haka saboda kowa so yake in ba shi kalma mai gaɓa biyar ya tahi fada ya burge abokai.

Dubi kalmar "ci" a Hausa. Ci tuwo, ci jarrabawa, ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci mutunci, ci gaba, ci sarauta, wuta ta ci rumbu. Baƙo ya buɗe ƙamus ya ga ci na nufin manger, to ya gama? Bai ma fara ba. Haka get, put, take, give, come, run suke a Ingilishi in an liƙa musu up, off, out, in. Put off ɗage abu zuwa wani lokaci, put out kashe wuta, put up with haƙuri da abin da ba ka so, give up sallamawa, give in miƙa wuya, run out of ƙarewar abu a hannunka, look into bincike, turn down ƙin karɓa, come across cin karo da abu. Kai ka san postpone, extinguish, tolerate, abandon, investigate tun tuni, amma mutumin da ke hira a fim ba zai ce extinguish the fire ba sai in ɗan kwana-kwana ne ke rubuta rahoto.

Na biyu kuma, kalmomi na da abokan tafiya. Muna shan iska, muna shan wahala, muna shan kashi a kokowa, ba wanda ke cin iska sai mahaukaci, kuma in aka tambaye ka dalili ba ka da shi, haka dai ake cewa. Faransanci ya ba ka faire guda ɗaya, Ingilishi ya raba ta biyu, make a mistake amma do your homework, make an effort amma do research. Ruwan sama mai ƙarfi heavy rain ne ba strong rain ba, amma iska strong wind. Dan haka kar ka sake rubuta kalma ita kaɗai a kaye kamar marainiya. Kar ka rubuta conclusion, rubuta draw a conclusion. Kar ka rubuta attention, rubuta pay attention to. Wanda ya iya waɗannan shi ne mai Ingilishi mai zurfi, ko da bai taɓa jin ubiquitous ba.

Akwai wani jeri da zan haddace in huta?

Hutu kam babu, amma jeri akwai. Wata malama Averil Coxhead, ita ma a New Zealand, ta fitar da Academic Word List a shekarar 2000, dangin kalma 570 da ke yawan fitowa a littattafan jami'a ko wane fanni ne, su kaɗai suna ɗauke da wajen kashi 10 na irin wannan rubutu. An kasa su kashi 10, tara na farko 60-60, na ƙarshe 30, kuma kyauta ne a intanet. Biyar a rana, kwana 114, bai kai wata huɗu ba, wato wanda ya fara da an ba da bakans kafin rantire ya kusa gamawa.

Kai ma ba za ka kai haka ba. Ka bi jerin da bik ka soke duk wadda Faransanci ya ba ka, analyse, concept, structure, method da 'yan uwansu, ka tsaya kan baƙin: income, outcome, framework, trend, draft, underlie, straightforward, nonetheless, whereby, albeit. Wanda yake ganin bai kai nan ba tukuna ya fara da jerin kalmomin da aka fi buƙata mai suna Oxford 3000, in ya gama ya hau Oxford 5000.

Na haddace yau, jibi sun gudu. Kaina ne ba ya ja?

Kanki lafiya lau ƙanwata, kan kowa haka yake. Wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kan kanshi tun 1885, ya ga mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take faruwa, daga nan ta rage gudu, kuma duk tilawar da aka yi sai abin ya ƙara daɗewa. Malaman allo ba su karanta shi ba amma sun riga shi sani, ai ba a wanke allo sai an biya, kuma mahaddaci bai barin tilawa.

Ga yadda muke yi a kulob ɗinmu na angile. Ki samu gwangwanin madara uku, ki yanka kwalin sukari ko na shayi ƙanana-ƙanana. Gaba ki rubuta kalmar cikin jimla, baya ma'anarta. Sabon kati na shiga gwangwani na ɗaya, shi kullum ake duba shi. In kin tuna ma'anar kafin ki juya, ya hau na biyu da ake dubawa bayan kwana uku, in kin sake ci ya hau na uku, na ranar Juma'a kaɗai. In kin faɗi, ko daga ina yake ya koma na ɗaya, ba roƙo ba sanayya. Wani ɗan jarida Sebastian Leitner ne ya yaɗa dabarar a 1972 da akwatuna, mu muka maida ta gwangwani. Mai waya ya sauke manhajar Anki, aikin ɗaya ne, ita ke tuna maka ranar da kati zai dawo kuma ba ta cin mega in an gama saukewa. Ni dai na fi son gwangwanin dan ba ya mutuwa in an ɗauke wuta, kuma ba a turo saƙon saurayi a cikinshi.

Jimlar kuma ta zama taki. In kin samu reluctant kar ki kwafi misalin ƙamus, ki rubuta cewa babanki was reluctant to sell the ram kafin Layya. Wannan ba za ki mance ba.

Wane ƙamus ya fi?

Daga segond zuwa sama ka saki angile-faranse ka koma Ingilishi zalla irin na masu koyo. Longman na bayyana komai da kalmomi wajen 2,000 masu sauƙi, Oxford Advanced Learner's da Cambridge su ma da kalmomi masu sauƙi suke bayani, suna ba da misali da abokan tafiyar kalma da lafazi, kuma ana buɗe su kyauta a waya. Na Hausa da Ingilishi ma akwai, na Bargery tun 1934, amma shi Hausarka zai fi gyarawa.

Mi zan karanta? Littattafan angile ba su da yawa garin nan.

Gaskiya ne, ko a Yamai sai ka yi yawo wurin masu shimfiɗa littafi ƙasa kafin ka dace. Amma ka fara da abin da bai fi ƙarfinka ba. Buɗe shafi ɗaya, duk kalmar da ba ka sani ba ka lanƙwasa yatsa, in hannu ɗaya ya ƙare shafin bai ƙare ba to ajiye shi sai baɗi. Akwai littattafan da aka sauƙaƙa hawa-hawa, irin Oxford Bookworms da ke farawa daga kalma 250 har 2,500, ba abin kunya ba ne ɗan tarminal ya karanta su.

Wata dabara, ka karanta abin da ka riga ka san labarinshi. Da yawanku kun karanta Le monde s'effondre a kur ɗin faranse, to asalinshi da Ingilishi Chinua Achebe ya rubuta shi a 1958, Things Fall Apart, ka nemo shi, tunda ka san abin da zai faru kanka zai samu sararin kallon kalmomin. Haka labaran duniya, ka ji da Hausa da safe, da rana ka karanta shi da Ingilishi. Na saurare kuma akwai 6 Minute English na BBC, minti shida ne kamar yadda sunan ya ce kuma da rubutun abin da suka faɗa, sannan Muryar Amurka a 1959 ta fara wani shirin da ake magana a hankali da kalmomi wajen 1,500, akwai tulinsu a YouTube. In ka samu wifi ka sauke goma ka ajiye.

Na san kalmar a rubuce amma in na faɗa ba a ganewa.

Faransanci ne ya biyo ka da bashinshi. Shi nauyin murya a ƙarshen kalma yake sa shi, Ingilishi kuma kowace kalma da inda take ɗaga kai. Develop a tsakiya take, di-VE-lop, in ka ce develoPE ba mai gane ka. PHOto amma phoTOgraphy. aNAlysis, hyPOthesis, deTERmine. Mu da ke bambanta fari na launi da fari na rashin ruwa da murya kawai, wannan bai kamata ya gagare mu ba, kunnen na nan. Duk sabuwar kalma ka danna ɗan lasifikan ƙamus ka ji, ka maimaita da ƙarfi sau uku, ka ja layi ƙarƙashin gaɓar a katinka.

Ingilishin Najeriya da muke ji a Ƙonni da Illela fa, zai ɓata min nawa?

Ba zai ɓata ba in ka san wanne ne wanne. Buroka harshe ne mai zaman kanshi, ka iya shi dan kasuwa, amma kar ka kai "I dey come" takardar bak. Ingilishin 'yan bokon Najeriya kuma Ingilishi ne sosai, jaridunsu ma wurin koyo ne mai kyau dan labaran sun shafe mu. Babban ƙamus na Oxford da kanshi a Janairun 2020 ya shigar da kalmominsu 29, ciki har da okada da Kannywood.

In na cika rubutuna da manyan kalmomi zan fi samun maki a jarrabawar gwajin Ingilishi ta IELTS ko TOEFL?

Mai gyara ba ƙirga tsawon kalma yake ba, dacewa yake dubawa. Kowace shekara sai na samu yaron da ya tsinci plethora ko myriad a wani bidiyo ya bi ya barbaɗa ta ko'ina kamar yaji a kilishi, "I have a plethora of brothers", wai 'yan uwa gare shi da yawa. Babbar riga ce aka sa aka tahi ɗibar ruwa. IELTS makinta na tsayawa a 9, jami'o'i da yawa 6 ko 6.5 suke nema, kuma ana kai wa nan da kalmomin da ka tabbatar da su. Inda ya kamata ka zuba ƙarfi shi ne kalmomin ɗinki, however, whereas, therefore, although, da kalmomin sassauta magana irin tend to, likely, suggest, dan rubutun jami'a ba ya son rantsuwa.

ChatGPT da Google Translate fa Mushe, haram ne?

Ni ba malamin fatawa ba ne. Ka rubuta naka tukuna, sannan ka ce ya nuna maka kurakurai da dalili, ko ya ba ka jimla biyar da kalmar da ke ba ka wuya. In shi ya rubuta maka dabuwar kuma, ina ganewa tun layin farko, yaron da jiya ya kasa bambanta make da do ba zai wayi gari da furthermore ba.

Ba ni da wanda zan yi magana da shi, in na gwada a fada dariya suke min wai na zama Bature.

Za su yi, ni ma an yi min, har suna aka liƙa min a unguwa da ba zan rubuta shi nan ba. Nemi mutum ɗaya tak mai irin nufinka ku sa doka, daga ɗora shayin farko har a sauke na biyu ba Hausa ba Faransanci, kowa ya zo da katinshi biyar kuma dole ya yi amfani da su cikin hirar, wanda ya karya doka shi ke sayen sukarin gobe. 'Yan mata kuma da ba su zaman fada, ɗalibaina uku suna yi ta saƙon murya, kowace ta ba da labarin yininta minti ɗaya kafin ta kwanta, sauran su gyara mata.

Kulob ɗinmu dai na nan ranar Asabar da safe ƙarƙashin bedin bayan klas ɗin tarminal. Wanda zai zo ya zo da kaye da gwangwaninshi uku, kwali ina da shi.